Ɗan Paris, Ɗan Lyon, Ɗan Damagaram

Bari in fara da wautata tun wani bai riga ni faɗa ba. A shekarar da na cika sha shida na shiga gidan ɗaga ƙarfe a ɓoye, na ce wa mutanen gida darasin lissafi nake zuwa. Lissafi bai ƙaru ba, kafaɗu suka ƙaru. A wani gidan wannan ba abin magana ba ne, uwa ma sai ta ƙara wa yaro tuwo. A namu gidan kuwa kafaɗata kayan aiki ce, ɗaya take da zarto da guduma. Saura ƙiris ta sa a rufe magazarmu, wato shagon ajiyar kayanmu na Lyon, gwaggona ta rasa abin da ta bar aikin albashi dominsa.

Sunana Habibu, amma a unguwannin bayan Paris, daga Stains har Clichy-sous-Bois, ba wanda ya san ni da shi. Marigayi ake ce mini. Kakana ne ya raɗa mini sunan, ya bi ni har lakwal, wato makaranta. Mu masu sarin akwatin gawa ne. Ba ma wanka, ba ma binnewa. Namu mu ƙera, mu tara, mu loda a kamiyo, wato babbar mota, mu kai wa gidajen jana'iza, su kuma su sayar wa waɗanda aka yi wa rashi. A Faransa doka ba ta yarda a sa mutum a ƙasa daga shi sai likkafani kamar yadda ake yi a gida ba. Ko limami ne sai ya shiga akwati. To dole wani ya ƙera shi, kuma mu ne wanin.

Abokaina idan sun ji sai su taɓe baki. “Akwati dai? Katako shida da ƙusa. Ko ni na gama shi kafin la'asar.” Wanda ya fi kowa faɗar haka, teburin karatu da ake sayarwa da takardar haɗawa ya taɓa gagarar sa, har yau da ƙafa uku yake tsaye. To ku gyara zama ku ji.

Aikina na farko a gidan nan shi ne gawar gwaji. Idan mai gidan jana'iza ya zo ganin kaya, ba ya yarda da baki, sai ya ga mutum a ciki. Sai a ce, “Marigayi, zo ka mutu.” In cire takalmi in shiga. Tun ina firamare nake yi, na fara daga ƙananan akwatuna ina hawa kamar yadda ake hawa aji. Na mutu a Stains, na mutu a Clichy, na mutu a bayan kamiyo ana ruwan sama. Da za a tara mutuwata wuri guda, ta isa ta ƙarar da gari har da limaminsa.

Kuna ganin kwanciya ce kawai. Ba haka ba ne. Ba dariya, ba waya, ba tari, ba cin wake ranar aiki. Mafi wuya shi ne sakin jiki. Idan aka ɗaga akwati aka karkata shi, mai rai da kansa yake tokare ƙafa ya riƙe kansa. Gawa ba ta taimakon kowa. Idan ka tokare, ka yi wa akwatin ƙarya, ka rufe masa aibi. Kaka yana gane wanda ya tokare daga ƙarar katako kawai. Sai ya ƙwanƙwasa murfi ya ce, “Marigayi, na ji ka. Mutu da gaskiya.”

Akwatin Faransa iri-iri ne, amma biyu aka fi sani, kuma ba mu muka ba su suna ba. Akwai ɗan Paris, mai faɗi a kafaɗa, ya tsuke wajen kai da ƙafa. Akwai ɗan Lyon, mai faɗi a kai, ya yi ta tsukewa har ƙafa kamar karas. Dukansu biyu an yi su ne don mai kwanciya rigingine, yana kallon sama. Mu kuwa a gefen dama muke kwantar da namu, fuska na duban alƙibla. Daga nan sana'ar gidanmu ta samo asali.

Kakana, Malam Isufu, kafinta ne daga Damagaram. Ya zo Faransa yana saurayi, yana yi wa wani kamfani ƙofofi da tagogi, yana kwana gidan leburori. Abokin ɗakinsa, Malam Garba mutumin Maraɗi, ya rasu, ba halin kai shi gida. Aka yi masa wanka, aka sa likkafani, aka kawo ɗan Paris. Suka kwantar da shi a gefen dama, murfi ya hau kan kafaɗa ya ƙi sauka. Suka gyara, ya ƙi. Bature mai jana'iza yana ta duban agogo. Ƙarshe suka mayar da shi rigingine, suka juya fuskar kaɗai, suka rufe. Kaka ya ce hanyar maƙabarta duk gargada ce, kuma har ya tsufa bai san inda fuskar Malam Garba ta tsaya ba.

Ranar hutun da ta biyo baya ya kwashi ragowar katakon ƙofa ya ƙera akwatinsa na farko. Ya rage faɗi ya ƙara zurfi, tunda mai kwanciyar gefe sama kafaɗarsa take tashi, ba gefe take bazuwa ba. Ya sa matokari biyu a ciki, ɗaya a baya, ɗaya a gaban gwiwa, don kada mutum ya kife ko ya koma rigingine. Sai ya lura akwatin ya fito kai da ƙafa kusan ɗaya, wanda bai sani ba zai iya sa shi a kabari a juye. Ya ɗauki wani ƙaton ƙarfe mai zagayayyen kai, ya gasa shi a murhun gas, ya ɗana wa katako a gefen da fuska take duba. Wannan baƙin tabo shi ne hatiminmu har yau. Inda tabo ya duba, nan ne gabas. A Faransa alƙibla ta karkata kudu, amma Kaka bai taɓa yarda ya kira ta da wani suna ba. Shi dai gabas. Akwatin kuma ya ce tunda Paris da Lyon sun samu nasu, wannan ɗan Damagaram ne.

Kada ku ɗauka tafi aka yi masa. Mutanenmu suka fara gudun sa. Idan ya miƙa hannu a masallaci, wasu da yatsa biyu suke karɓa. Wata Hajiya ta mayar masa da kujerar da ya gyara mata, ta ce ba za ta zauna kan abin da wannan hannu ya taɓa ba. Aka daina gayyatar sa suna, wai yana kallon mutane yana auna su da ido. Gaskiya kuwa yana aunawa. Har ni yakan kalle ni ina cin abinci ya ce, “Rage, za ka fita daga lambar akwatinka.” Amma duk wanda ya guje shi da rana tsaka, ranar da aka yi masa rashi sai ga shi a ƙofar garejin Kaka a Stains, hula a hannu, yana doguwar gaisuwa. Kaka bai taɓa tuna wa kowa komai ba. Tambayarsa ɗaya ce, “Yaya faɗin kafaɗarsa?”

Babana ne ya mayar da abin sari. Shi ya ga cewa gareji ɗaya da hannu biyu ba za su ishi Musulmin Paris ba. Ya kama magaza, ya sayo injin yanka katako, ya ɗauki ma'aikata, ya bi gidajen jana'iza ƙofa ƙofa. Baba ɗan fari ne, don haka Kaka ba ya kiran sunansa, ba ya ma yi masa magana kai tsaye idan da wani a wurin. Duk rigimarsu ta kaina take bi.

“Marigayi, gaya wa wannan mutumin injinsa kurma ne, ba ya jin inda katako ya tsage.”

“Habibu, gaya wa Malam injin yana yin aikin wata guda kafin ya gama shan shayi.”

Ni kuma ina tsakiya ina ƙara gishiri a kowane saƙo. Ƙarshe suka raba aiki. Inji ya yanka, Kaka ya shafa kowane katako da tafin hannu kafin a haɗa, tabo kuwa ba mai ɗana shi sai shi. Gizagonsa da ya taho da shi daga gida yana rataye a kan injin, wai don inji ya san yana da uba.

A lokacin abin da ya fi tafiya shi ne akwatin kai gawa gida. Wannan a cikinsa ake sa wani na kwano, a liƙe shi da dalma yadda ko iska ba ta fita, sannan jirgi ya yarda ya ɗauka. Kusan kowane dattijo burinsa ke nan, a mayar da shi Zinder ko Tahoua ko Garwa. Kaka ma kullum faɗi yake, “Ni a kwano za ku sa ni, ku kai ni kusa da uwata.” Baba ya cika magaza da su har rufi. Ɗan Damagaram kuwa yana kusurwa, jefi-jefi ake tambayar sa.

Sai shekarar annoba ta zo. Jirage suka tsaya, iyakoki suka rufe, ba gawar da ke fita. Akwatunan kwano suka zauna suna kallon mu muna kallon su. Masu kawo mana katako suka rufe, ma'aikata rabi suna gida ba lafiya. Waya kuwa ba ta yin shiru, kowa kuka yake, tsoho ya rasu, a nan za a binne shi, a taimaka da mai tabo. Ga masu nema, ga kaya jibge, amma ba irin wanda ake nema ba.

Kaka ne ya zagaya magazar da sandarsa ya ce, “Marigayi, gaya wa wannan mutumin katako bai ƙare ba. Ga shi nan ya sa ƴar ciki ta kwano.” Muka shiga kwance su ɗaya bayan ɗaya. A zare kwano, a warware katako, a rage faɗi, abin da aka rage a ƙara shi a zurfi. Lakwal a rufe take, don haka na mutu a shekarar nan fiye da duk sauran rayuwata. Hannun Baba ya yi kanta har waya ta daina gane yatsansa. Ba mu ci riba ba, amma ba wanda ya kira muka ce masa babu. Da annoba ta wuce, mutane da yawa sun riga sun ga kabarin iyayensu a nan, inda za su iya ziyara ranar Juma'a. Ɗan Damagaram ya fito daga kusurwa ya koma bakin ƙofa.

A shekarar ne kiran Lyon ya yi yawa. Ƙanwar Baba, Gwaggo Rabi, can ta yi karatu, tana aikin ofis mai sanyi da kujera mai juyawa. Ta ajiye aikin ta buɗe mana magaza a Rillieux-la-Pape, a gefen Lyon. Ƙawayenta suka ce ta haukace, mai digiri ta koma gadin akwatin gawa. Abin kuwa ya ƙi tafiya. Gidajen jana'izar Lyon sun saba da ɗan garinsu, suka ce wannan siririn dogon abu zai kife da mutum a matakala. Kaya suka yi ta shan ƙura. Baba ya ce magazar Paris ba za ta ci gaba da goya ta Lyon ba. Dama ɗaya ta rage. Akwai wata Madam Odile mai gidajen jana'iza da yawa a Lyon da kewaye, ta yarda a kawo ta gani. Idan ta karɓa, sauran za su bi. Idan ta ƙi, a rufe Rillieux, Gwaggo ta koma neman aiki.

Kaka da kansa ya ƙera akwatin da za a nuna, a kan tsohon awona da ya haddace. Ni kuwa na yi watanni ban mutu ba, ina fakewa da jarrabawa, ina yawo cikin ƙatuwar riga don kada a ga abin da ƙarfe ya yi. Ranar lodi Baba ya ce, “Shiga mu gani.” Na ce, “Haba Baba, ni da wannan lambar ai mun san juna.” Ya ƙyale ni. Da ya sani da ya tura ni ciki da ƙafa.

Ofishin Madam Odile a bene yake, a tsakiyar Lyon, nesa da magazarmu. Ni da Baba da Kaka muka taho daga Stains, da ƙyar muka hau da akwatin. Ita doguwa ce mai furfura, ba ta da wasa kuma ba ta da wulaƙanci. Ta gayyato Alhaji Mahamat, wani dattijo mutumin Cadi da ke riƙe da asusun jana'izar jama'armu a Rillieux, don ta ji ko mutanensa za su so. Shi da Kaka suka kama gaisuwa, suka gaida gida, suka gaida gajiya, suka gaida sanyi, sun kama hanyar gaida awakin da suka bari a ƙasa sai Madam ta ce tana da jana'iza nan gaba kaɗan.

“Abin da nake so in gani ɗaya ne,” in ji ta. “Ku sa mutum, ku rufe, ku sauka da shi matakalar nan, ku zura shi da igiya a tsakar gida kamar kabari. Idan na buɗe na same shi yadda kuka sa shi, mun shirya.”

Gwaggo ta kalle ni. “Marigayi, bismilla.”

Na cire riga, na ga idon Kaka ya tsaya a kaina. Na shiga, na kwanta a gefen dama, na saki jiki irin na ƙwararru. Baba ya ɗora murfi. Murfi ya hau kan kafaɗata ya zauna yana lilo. Ya ɗaga ya sake ɗorawa. Ya danna. Ya hau da gwiwa.

“Baba, da raina fa!”

Aka buɗe. Kaka ya matso, ya matsa dantsena kamar mai taya rago a kasuwa.

“Wannan lissafin da kake zuwa, da kafaɗa ake yin sa?”

Ba wanda ya yi dariya sai Alhaji Mahamat, shi ma ya mayar da ita tari. Madam ta ce, “Idan yaro bai shiga ba, yaya zan yi da manya?” Baba ya shiga bayani, akwai lamba-lamba, akwai wanda ya fi wannan zurfi a Rillieux, a ba shi lokaci ya ɗauko. Ta girgiza kai. Ta ce ba ta ƙaryata shi ba, amma ita abin da ta gani take saya, kuma lokacinta ya kusa. Baba ya dubi tumbinsa, ya san ko da addu'a ba zai shiga ba. Sai na ga Gwaggo ta sunkuya tana cire takalmi.

“Rabi,” in ji Kaka, “mayar da takalminki. Ba a gabana ba.”

Ya miƙo mini sandarsa. Ya cire hula ya ɗora mini a ka. Ya zare takalmi ya jera su a bakin akwati kamar zai shiga masallaci.

Alhaji Mahamat ya miƙe. “Subhanallahi! Malam, a shekarunka? Abin da ake addu'ar Allah ya jinkirta, kai kake tafiya wurinsa da ƙafarka?”

“Alhaji, can za mu gaba ɗaya. Ni leƙawa zan yi in dawo. Tun kafin a haifi yaran nan nake sayar wa mutane ɗaki, ban taɓa kwana cikinsa ba.”

Baba ya buɗe baki, Kaka ya dube ni. “Gaya wa wannan mutumin ya rufe da kyau. Kada ya yi mini sassauci.”

Ya kwanta a gefen dama, matokari a bayansa, matokari a gwiwarsa. Murfi ya sauka lif, ko takarda ba za ta shiga ba sai ta ƴar kafar iska da muke bari ranar gwaji. Baba ya ɗaure shi. Mariƙin akwati huɗu ne. Baba ya kama ɗaya, na kama ɗaya, wani ma'aikacin Madam ya kama ɗaya. Na huɗun Alhaji Mahamat ya tattare babbar riga ya kama, ya ce ba za a ce yana tsaye aka ɗauki Malam ba shi ba.

Na sha shiga akwati, ban taɓa ɗaukar mai mutum a ciki ba. Matakalar kuwa wanda ya gina ta bai yi niyyar kowa ya mutu a bene ba. Ƙunci, ga kwana. Dole muka tayar da akwatin kusan tsaye, muka karkata shi hagu, muka karkata shi dama. Na kasa kunne ko zan ji tsoho ya tokare. Ko motsi. Alhaji Mahamat ya manta kansa ya fara salati irin na rakiyar gawa. Sai murya ta fito daga cikin katako.

“Alhaji, adana ta. Ban kai ba tukuna.”

Na ƙwanƙwasa murfi. “Tsoho, na ji ka. Mutu da gaskiya.”

Ya yi shiru. Shekara da shekaru nake jiran ranar nan.

A tsakar gida akwai dakalin da motoci ke lodi. Muka sa igiya biyu muka zura shi ƙasa, ma'aikacin Madam da gangan ya saki tasa da sauri, akwatin ya girgiza ya dira da gefe. A nan kafaɗun da suka jawo masifa suka yi rana, don ni na riƙe nauyin har ya daidaita. Madam ta sauko da kanta ta ce a buɗe.

Kaka yana nan yadda aka sa shi. Gefen dama, hannu a miƙe, hancinsa daidai saitin tabo. Ido a rufe. Madam ta duba ta gyaɗa kai. Muka jira ya tashi. Bai tashi ba. Gwaggo ta ce, “Malam?” Shiru. Baba ya zube a gwiwa ya kama kafaɗarsa.

“Baba! Baba!”

Ido ɗaya ya buɗe. “Lawali, ina nan. Sake ni.”

Ban taɓa jin sunan babana a bakinsa ba sai ranar. Baba ya koma gefe yana gyaran igiyar da ba ta buƙatar gyara. Kaka ya tashi zaune yana shafa haƙarƙari, ya nuna ni da yatsa.

“Kai, Marigayi, ashe tuntuni kake cutar bayin Allah. Bakin matokarin nan yana sukar baya. Ka kwanta a kansa ya fi a ƙirga, ba ka taɓa faɗa ba.”

“Tsoho, ni na ɗauka haka mutuwa take.”

Ya laluba aljihu ya fito da ƴar wuƙarsa da takardar goge katako, yana zaune cikin akwatin ya shiga fere bakin matokari. Gwaggo tana fassara wa Madam abin da ake ciki. Madam ta ce, “Malam Isufu, waɗanda za su kwanta a nan ba za su ji ba.”

“Ni na ji,” in ji Kaka, ya ci gaba da gogewa.

Ta tsaya tana kallon sa har ya gama, ya hure ƙurar, ya shafa da tafin hannu. Sannan ta juya wurin Gwaggo ta ce a fara kawo mata kaya a gidajenta duka, kuma kowane matokari a fere shi kamar wannan. Alhaji Mahamat ya ce daga yau duk wanda asusunsu zai binne, mai tabo za su tambaya. Madam ta makara a jana'izarta. Ni kuma aka kore ni daga mutuwa a nan take, ba sallama.

Magazar Rillieux ba ta rufe ba. Yanzu ta fi ta Stains girma, Gwaggo tana tuna wa Baba haka duk ranar salla. Kamiyonta na zuwa Grenoble, na zuwa Marseille. Wasu kamfanoni sun fara kwaikwayon ɗan Damagaram har da tabon, wasu ma da fenti suke yin sa. Baba ya so ya yi ƙara, Kaka ya ce a bar su, in dai sun sa shi a gefen da ya dace. Wani ɗan ma'aikacinmu siriri ya gaje ni a gwaji. Yana da ƙoƙari, amma yana tokarewa, ina jin sa daga ƙofa. Ni aka mayar da ni lodi, tunda na nemi kafaɗa na samu. Daga baya Kaka ya koya mini gasa ƙarfe. Idan bai yi zafi ba tabo ya fito fari, idan ya wuce ya ci katako. Na ɓata katakon da ya isa gina masallaci kafin ya bar mini ƙarfen.

Akwatin da ya shiga a Lyon bai yarda an sayar ba. Ya sa muka dawo da shi Stains, ya ajiye shi bayan injin, yana zuba goro da carbi a ciki. Maganar kwano da jirgi kuwa bai sake yin ta ba. Da Baba ya tambaye shi ta bakina, sai ya ce, “Gaya masa na gwada wannan, ya yi mini daidai. Garba ma yana nan, ba shi da maƙwabci.”

Kaka ya rasu farkon sanyin bara. Muka kwashe goron muka sa shi a ciki, a gefen dama, murfi ya sauka lif. A ɓangaren Musulmi na maƙabarta masu ɗauka suka ajiye shi bakin kabari a juye. Kafin Baba ya yi magana, wani Bature mai haƙa, wanda ba mu taɓa gani ba, ya sunkuya ya zagaya akwatin yana dubawa. Ya samu tabon, ya ɗora yatsa a kai, ya ce wa abokan aikinsa su juya. Suka juya, aka zura shi yana duban gabas.